Rasuwar Zabuwa, Motar da Ba Ta Tashi Sai da Mutum a Gefe

"Suma ta yi," na ce.

"Auta, ƙarfe ba ya suma," in ji Yaya. "Ka daina ɓata min lokaci. Ta mutu. Ka ji ko?"

Na ce masa akwai abu ɗaya da ba a gwada ba tukuna. Ya ce abin da nake kira gwaji shi ya sa unguwa take yi mana dariya. Ya ce, "Kana ji na?" Na ce ina ji. Ya ce ya riga ya gama magana da mai sayen tsoffin ƙarafa, ranar Asabar za a zo da janwe, motar jan matattun motoci, a ɗauke ta. Sai ya sassauta murya, yadda yake yi in ya tuna shi ne babba.

"In ta tashi a gaban mutumin, da kanta, ka riƙe abarka. In ba ta tashi ba, kada ka ƙara kira na a kanta."

Ya kashe waya. Takardun motar da sunansa suke, don haka maganarsa ce ta zauna. To.

Cikin baƙin ciki da nauyin zuciya muke sanar da 'yan uwa, maƙwabta, abokan arziki, da duk wanda ya taɓa cewa "ɗan rage min hanya", rasuwar motarmu, wadda aka fi sani da Zabuwa. Ta rasu a harabar gida, a inda ta saba kwana, gefen tankin ruwa, bayan doguwar jinya. Babu kowa a kanta sai direbanta.

Na rubuta "muke" don haka ake rubutawa. Ni kaɗai ne.

Ba mu san shekarun marigayiya ba. Da tsufanta ta zo mana. Ta bi hannun mutane kafin Yaya ya saye ta, shekarar da ya fara aiki. Asalin launinta ruwan toka ne, amma duk inda tsatsa ta ci, mai gyaran jikin mota ya cike ya shafa fari, kuma bai taɓa samun fentin da ya dace ba. A haka jikinta ya zama ɗigo-ɗigo. Umma ce ta dube ta wata rana ta ce, "Wannan ai zabuwa ce." Sunan ya bi ta har ƙarshe.

Duk wanda ya zauna da ita ya san halinta. Mai haƙuri ce. Ba ta da yawan ci. Ɗan man da wata motar za ta kurkure baki da shi, ita sai ta wuni a kai. Ba ta da girman kai. Ta ɗauki katifa a ka, ta ɗauki buhun siminti a baya, ta ɗauki mai naƙuda, ta ɗauki wanda bai ce an gode ba, duka da fuska ɗaya. Ba ta taɓa taka ko kaza ba. Tana da nata rauni kamar kowa: ƙofar bayan direba ba ta buɗuwa sai ta waje, gilashin baya sai an kama shi da hannu ana murɗawa, hon ɗinta kuma ya dishe tun kafin mu san ta. Ba ta taɓa ɓoye ko ɗaya daga cikinsu ba.

Muryarta tana kunnena. Da safe, in na murɗa makulli, takan ce "cikiki-cikiki", ta ɗan yi jim kamar mai tunani, sannan "bummm", ta karkaɗa jiki gaba ɗaya har madubi ya yi rawa. In sanyi ya kama ta, bel ɗinta ya yi "ƙiiii" har mu kai bakin titi. In wani ya zauna a kujerar gaba, kujerar ta ce "ƙyaƙ". Ku riƙe wannan ta ƙarshen. Za mu dawo kanta.

Yadda ta zo hannuna ba labari ba ne mai daɗi. An canja wa Yaya wurin aiki zuwa nesa, ya bar ta a gida. A shekarar na gama sakandare. Sakamako ya fito, bai kai ni ko'ina ba. Abokaina suka wuce, wasu makaranta, wasu kasuwa. Ni na wuce ɗaki na ja labule. Marigayiya ce ta fito da ni. A filin bayan tsohuwar makarantarmu na koyi tuƙi a kanta. Na sha sakin kuloci ba shiri ta yi tsalle ta mutu, na sha gurza mata giya har haƙorana su yi tsami. Ba ta riƙe ni a zuci ba.

Daga nan wayata ta fara ƙara. Mai zuwa tasha, mai kayan da za a ɗauko, mai baƙin da za a mayar. Na san ba ni ake kira ba. Ita ake kira, ni nake ɗauka. Ban damu ba. Da safe akwai dalilin wanke fuska.

Kujerar gaba ta Umma ce. Wasu sun zauna a kai, amma aro suka yi. Kowane mako nakan kai ta asibiti a duba mata gwiwa. Takan juya baya ta zauna tukuna, ta sa hannu biyu ta ɗago ƙafar ta shigo da ita, kujera ta ce "ƙyaƙ", ita kuma ta ce, "Bismillah, mu je." Daga nan har asibiti ba ta rufe baki. Wa ya haihu, wa ya daina gaisuwa, yadda Baba, Allah ya ji ƙansa, ya rayu ya rasu bai iya ko keke ba. Jefi-jefi ta ce, "Auta, a hankali, ba tsere muke ba," alhali masu tafiya a ƙasa suna wuce mu. Ni kuma in ce, "Uhm." Hirarmu ke nan. A gida ba ma yin irinta. A gida kallo na take yi, ni kuma ina ganin tambayar da ke idonta, wadda ba ni da amsarta. A mota kowa gabansa yake kallo.

Gwiwar ta ƙi sauƙi. Yaya ya zo ya tafi da Umma wurinsa, inda asibiti yake kusa kuma matarsa za ta kula da ita. Aka rufe ɗakuna. Gidan ya rage daga ni sai Zabuwa.

A makon da Umma ta tafi rashin lafiyar ya fara. Ba na cewa akwai alaƙa. Lokacin nake faɗa kawai.

Wata 'yar fitila ce ta kama a dashbod, ruwan ɗorawa, mai hoton ƙwan fitila. Ban taɓa ganin ta ba. Na fita na leƙa gaba. Fitilar ɓangaren direba tana haske sosai, ta ɓangaren fasinja kuma ta yi dishi-dishi kamar idon da yana ta rufe. Na ce ƙwan ne. Na sayo sabo na sa. Mai sayarwar ya ɗora tsohon a kan batir, ya kama fes. "Wannan lafiyarsa ƙalau," ya ce, ya miƙo min. Na duba fiyus ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ƙone. Na kwance kan batir na goge na ɗaure tam. 'Yar fitilar ta ci gaba da kallo na.

Sai tashi ya fara yi mata wuya. In murɗa makulli, dashbod ya kawo wuta, ita kuma ta ce "ƙat". Kalma ɗaya. In sake, "ƙat". Wata rana ta tashi bayan na gaji na kifa kai a sitiyari. Wata rana ta ƙi har rana ta take. Ba ruwanta da zafi ko sanyi, ba ruwanta da mai ya cika ko ya yi ƙasa. Na rasa inda zan kama.

Ranar da ta ga dama ta tashi, na kai ta wurin Riwaya, mai gyaran wayoyin mota da ke bayan gidan mai. Mutum ne mai natsuwa, ba ya cin amanar mota. Yana da wata 'yar na'ura da yake jona wa mota ta faɗa masa ciwonta. Ya buɗe ƙofar fasinja, ya zauna, ya jona na'urar, ya ɗora ta a cinya.

"Kunna," ya ce.

Cikiki-cikiki, bummm. 'Yar fitilar ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba.

"Kashe. Kunna."

Bummm.

Ya fita ya duba fitilun gaba, duka biyun kamar rana. Ya dawo ya dube ni. "Samari, wannan ai ta fi ni lafiya."

Washegari a gida, "ƙat".

Na koma. Ya wanke kik, wato injin da ke tayar da mota, ya mayar. Ya zauna, kunna, bummm. Na sake komawa. Ya canja rile mai tura wa kik wuta, ya gwada batir. Ya zauna, kunna, bummm. Daga baya in ya hango ni sai ya fara murmushi tun daga nesa. Rannan ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ina samun barci sosai.

Ciwon da ba ya fitowa a gaban mutane, mai shi ne yake zama maƙaryaci. In za ka ɗauko mutum, kai kaɗai kake fita daga gida. Nan take kamawa. Mutane suka yi ta jira na a bakin titi, a ƙofar asibiti, a tasha. Dogo, abokina tun aji ɗaya, ya tsaya da kayan shagonsa a rana har ya gaji, ya hau babur ya iso gida yana huci. Ya same ni zaune a ciki. Ya fizgi ƙofa ya faɗa kujera.

"Kunna mu gani."

Bummm.

Ya daɗe yana kallo na. "Da ka ce min ba ka son zuwa, ai da na fi jin daɗi."

Zabuwa kuwa tana ta kaɗa jiki cikin nishaɗi kamar ba ita ba. Kiran waya ya fara raguwa daga lokacin. Ba wanda ya yi faɗa da ni. Kowa dai ya samo wata hanyar.

Malama ce ta sa na gano, ba ta ma san ta yi ba. Maƙwabciyarmu ce, tana koyarwa a firamare, nakan sauke ta wasu ranaku. Wata safiya ina ta fama, ƙat, ƙat, sai ga ta da jakar littattafai. Ba ta tambayi komai ba, ta buɗe ta shiga. Kujera ta ce "ƙyaƙ". A gaban idona 'yar fitilar ta mutu.

"Auta, mu je, na makara."

Bummm.

Duk hanya tana ba ni labarin wani ɗalibinta da ke cin alli, ni idona yana kan dashbod. A ƙofar makaranta ta sauka. Ƙafarta tana taɓa ƙasa, 'yar fitilar ta dawo. Ban kashe injin ba har gida. Na zauna a ciki na jera abin a raina: Riwaya, Dogo, Malama. Da Umma, duk tsawon lokacin nan. Marigayiya ba ta taɓa ƙin tashi da mutum a gefe ba. Ni kaɗai take ƙi.

Na faɗa wa Riwaya. Ya yi dariya har ya share hawaye da gefen riga. Sai ya tsaya cak, ya yi tunani. Ya ce akwai wani ƙusa a ƙarƙashin kujerar inda ake ɗaure wasu wayoyi a jikin mota, ta nan wutar fitila da ta kik take komawa. In tsatsa ta ci wurin, wuta ba ta wucewa. In mutum ya zauna, nauyinsa ya danne, sai ta wuce. Ya ce shi ma da ya san haka da a tsaye zai riƙa gwadawa. Ya cire kujerar, ya kankare, ya ɗaure, ya mayar. Ya zauna ya ce, "Kunna."

Na ce, "Sauka tukuna."

Ya sauka. Ta tashi.

Ta samu sauƙi na ɗan lokaci. Har na fara kiran mutane da kaina ina tambayar ko akwai inda za a kai su. Sai wata safiya 'yar fitilar ta dawo. Riwaya ya ce to karayar tana cikin damin wayoyin ne, can ƙarƙashin daɓen motar, sai an tone ta gaba ɗaya, kuma ko an tone ba ya alkawari. Na faɗa wa Yaya. Yaya ya ce ya isa haka. A watan ne kuma aka yi wa mijin Malama canjin aiki, suka kwashe kaya.

Tunda nauyi take so, na ce zan ba ta nauyi. Na cika jarkoki biyu da ruwa, na ɗora a kujera, na ja bel na ɗaure su kada su faɗi. Kujera ta ce "ƙyaƙ". Ta tashi. Haka muka yi ta yawo, ni da jarkoki. Unguwa ta samu abin yi. In na wuce ta gaban mai faci, sai in ji, "Auta, a gaida madam." Wani ya ce ba a kira shi ɗaurin aure ba. An kuma ce an gan ni ina yi wa jarka magana a kan hanya. Ba haka ba ne. Na ce "uhm" ne sau ɗaya, da na taka birki ruwan ya motsa. Sabo ne.

Amma jarka ba mutum ba ce. Mutum yana gyara zama. Yana jingina, yana juyowa, yana miƙa hannu ya rage rediyo. Jarka inda ka ajiye ta nan take. Tun ana tashi da murɗa ɗaya, aka koma sai na girgiza jarkokin. Daga nan sai na miƙa hannu na danna su da ƙarfi ina murɗa makulli da ɗaya hannun. Na ƙara buhun yashi. Na gwada bulo. Na gwada tukunyar gas. Na gwada zama a kujerar da kaina in miƙo hannu, amma sai an taka kuloci take amsawa, ƙafata kuma ba ta kaiwa. Mutum ɗaya ba ya zama a kujera biyu. Na gwada.

Ranar da ta cika, da safe ne. Na wanke ta, na ɗaura wa jarkoki bel, na zauna. Na murɗa. Ta ce "ƙat", a hankali, kamar mai jin kunya. Na sake murɗawa. Ba ta ce komai ba. 'Yar fitilar nan ce kawai a kunne. Na zauna har inuwar tanki ta bar kanta. Kalmarta ta ƙarshe ke nan, kuma ni kaɗai na ji.

Tun ranar babu mutumin da ya zauna a kujerar. Wannan shi ne abin da na ce wa Yaya ba a gwada ba.

Kada a ce ban nema ba. Na kira Riwaya, ya ce aiki ya yi masa yawa, in kawo ta. Na ce ba ta tashi. Ya ce to in ta tashi in kawo ta. Na fita na ce wa mai faci motata ta ƙi. Nan da nan ya tara min maza, kowa ya naɗe hannun riga. Mutane suna son tura mota, ban san dalili ba. Suka fito da ita titi da ihu da raha. Na leƙo na ce ɗaya ya shigo ya zauna a gaba.

"Wanda ya zauna ai ƙara mana nauyi zai yi," in ji mai faci. "Sa ta a giya biyu kawai."

Suka tura ta har ƙarshen layi, suka turo ta suka dawo. Ba ta ce uffan ba. Suka mayar da ita gefen tanki, suka karkaɗe hannu, kowa ya ce Allah ya kyauta. Ban sake faɗa ba. Ni ba mai maimaita magana ba ne.

Na kira Dogo. Na daɗe ina kallon lambar kafin in danna. Na ce ya zo ya ɗan zauna min a mota.

"Ina za mu?"

"Ba ko'ina."

"To me zan zauna yi?"

Na ce shi ke nan. Ya ce zai leƙo in ya samu sarari. Ina jin bai samu ba.

Mai sayen ƙarafan ma ya zo ya gan ta. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya shuri taya. Ba fuskarta yake kallo ba, nauyinta yake aunawa da ido. Na buɗe masa ƙofar gaba na ce bismillah. Ya yi murmushi.

"Ni ba na shiga mota, ɗan'uwa. Ɗaukar ta nake."

Ban ga laifinsa ba. In ta tashi, shi ya yi asara.

Marigayiya ta rasu ta bar tayar safaya ɗaya, wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba kuma ba ta da iska. Ta bar jak da sifana, da wani tsumma da ya fara rayuwa a matsayin rigar makarantata. Ta bar tsohon ƙwan fitila mai cikakkiyar lafiya, wanda aka cire bisa zargin da bai tabbata ba. Ta bar jarkoki biyu, sun koma bakin tanki, ba su nuna wata damuwa ba. A aljihun gaba akwai mafici na Umma da rabin kwalbar man zafinta. In rana ta yi zafi har yanzu motar warinsa take. A ƙarƙashin kujera akwai jan biro na Malama. A ƙasa akwai tabon baƙin mai, wanda zai daɗe bayan an ɗauke ta. Ta kuma bar direba ɗaya, mai lasisi, ba ya shan komai, ba ya yawan magana.

Muna roƙon duk wanda ta taɓa shanya shi a rana ya yafe mata. Ba da gangan ta yi ba. Ni ma ba da gangan na yi ba.

Roƙo na biyu: kada wanda ya karanta wa Umma wannan sanarwa. In ta kira, kafin ta tambayi ko na ci abinci sai ta ce, "Ya Zabuwa?" Nakan ce tana gaishe ta. Ta ce in gwiwar ta yi sauƙi za ta zo ta kwana biyu, in je tasha in ɗauko ta, don ita ba za ta iya hawa motar kowa ba, duk sun yi mata tudu. Na ce to. Yaya ya ce shi zai faɗa mata da kansa bayan Asabar. A bar shi ya faɗa.

Ga yadda aka tsara. Ranar Asabar da hantsi janwe zai iso ƙofar gida. Za a ɗora ta a kai ta filin tsoffin ƙarafa da ke bayan gari, inda za a rarraba abin da ya yi saura ga mabuƙata. Ba za a yi zaman makoki ba. Babu tabarma, babu kujeru, ba a buƙatar kowa ya kawo komai. Masu son yin gaisuwa ta waya, lambar ba ta canja ba, kuma layin ba ya cika.

Kafin janwe ya iso, get zai kasance a buɗe. Na kai batir an yi masa caji, na mayar na ɗaure. Na zuba mata ɗan mai. Na wanke ta ciki da waje, na kakkaɓe kujerar gaba, na tura ta baya saboda mai dogayen ƙafafu. In gajere ne ya zo, akwai ƙarfe a ƙasa, ana ja.

Ba na alkawarin za ta tashi. Mai yiwuwa Yaya ne da gaskiya, wayar ta gama karyewa tuntuni, ni ne ban yarda ba. In haka ne zan sauka da kaina in taya su ɗaura sarƙa. Ina so ne kawai in murɗa makullin sau ɗaya da mutum a gefe, in sani.

Ba a buƙatar wanda ya san mota. Ba turi za a yi ba, ba za a ɓata kaya ba. Babba dai, mai nauyin mutum. Ka buɗe, ka zauna, ka gyara zama yadda ka saba. Ba sai ka yi magana ba. In kuma kana da labari, ko na wa ya haihu ne, ka bayar, zan ce "uhm". In ta tashi zan kai ka duk inda kake so. In ba ka da wurin zuwa, mu zaga layi mu dawo.

Na liƙa wannan a jikin get, na kuma tura wa duk lambar da ta taɓa kira na saboda ita. Suna da yawa. Na ga alamar an buɗe.

Cikinku wa zai zo ya zauna?